Tsanin da Aka Ƙi Hawa

Mijina ba ya nan. Ya rasu a wurin aikinsa, kuma tun daga ranar abubuwa da yawa suka ragu a gidanmu. Babu ƙarar babur a ƙofa da la'asar. Babu rigar aiki mai ƙamshin lemo a rataye a bayan ƙyaure. Babu mai tsayawa a tsakar gida yana tambayar wa ya bar wuƙa a inda yaro zai taka.

Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna. Mai wannan shafi ta ce in faɗi yadda abin ya faru, za ta saka muku.

Akwai wani mutum da abokan aikinsa suke kira Baba Tanki, a wani kamfani da ake yin lemon kwalba. Shi ne mijin nawa. Ya shiga kamfanin yana saurayi, yana ɗaukar katan. Ya koyi wankin kwalba, ya koyi awon sukari da ruwa, har ya kai ga aikin da ba kowa ake yarda ya yi ba, wato wankin babban tankin da ake haɗa lemon a ciki.

Tankin nan ya fi ɗakin kwanana girma. A cikinsa akwai wasu faffaɗan ƙarafa kamar na fanka, su ne suke juya lemon. Duk lokacin da za a canza daga na mangwaro zuwa na abarba, sai mutum ya shiga da tiyo da buroshi ya goge ko'ina, domin idan tsohon sukari ya maƙale a wani lungu zai ɓata sabon haɗi gaba ɗaya. Bakin tankin yana sama, sai an hau wani tsani na ƙarfe. Akwatin da ake kunna wutarsa kuwa yana ƙasa, a bayan bango, inda mai kunnawa ba ya ganin wanda ya shiga.

Saboda haka aka kafa doka. Duk mai shiga tanki yana da kwaɗonsa na kansa. Zai kashe wuta, ya datse akwatin da kwaɗon, ya rataya makullin a wuyansa, sannan ya hau. Muddin kwaɗo yana jikin akwati, to a ɗauka da mutum a ciki.

Mijina ya riƙe dokar nan kamar yadda ya riƙe sallarsa. Har gida ya kawo mana halin. Randar ruwa sai an rufe, risho sai an duba sau biyu.

Wata rana na ce masa, "Baban yara, saura tukunyar miya. Ita ma ka samo mata kwaɗo mu huta."

Ya yi dariya ya ce, "Tukunyarki ba ta juyawa da mutum a ciki. Ranar da ta fara, ki gaya mini."

Ina da ƙane, shi ne autanmu, kuma Auta kowa yake ce masa. Ya gama makaranta ya rasa aiki, kullum yana bakin titi yana gardamar ƙwallo. Innarmu ta zo ta yi wa mijina kuka. Shi kuwa ya yi ta zirga-zirga wurin manya har aka ɗauki Auta.

A bayan babur ɗinsa yake kai shi. Shi ya koya masa sa hular rufe gashi, da wanke hannu har gwiwar hannu, da yadda ake gane injin da zai lalace daga sautinsa. Shi ya sayo masa kwaɗonsa na farko. Idan sun dawo, Auta zai zauna a kan tabarmata yana cin abinci yana cewa, "Yaya, mijinki ya fi soja tsanani." Mijina sai ya ce, "Ci ka ƙoshi, gobe ma sojan ne zai tashe ka."

A kamfanin akwai wani shugaban layin haɗa lemo da suke kira Agogo, saboda ba ya magana sai yana buga yatsa a kan agogon hannunsa. Shi ba ya ganin mutane, katan yake gani. Idan mota ta tsaya tana jiran kaya, to ranar kowa ya shiga uku.

Akwai kuma wani sakaci da ake samu lokacin canjin aiki, idan masu aikin safe za su tashi masu aikin rana su karɓa. Wani zai gama wanki, ya fito a gajiye, ya manta bai cire kwaɗonsa ba, ya tafi gida da makulli a wuya. Abin da doka ta ce shi ne a hau tsani a leƙa, a kira mutumin a waya a ji muryarsa, sannan a yanke kwaɗon. Agogo ya ga wannan ɓata lokaci ne. Ya ajiye wani babban almakashin yankan ƙarfe a ofishinsa. Da ya ga kwaɗo, sai ya ce an manta ne, ya yanke shi.

Mijina ya sha dawowa ransa a ɓace a kan haka. Ya ce ya yi masa magana, Agogo ya ce da shi, "Baba, kai dai ka wanke tanki. Tafiyar da layi ba aikinka ba ne."

Ranar da abin ya faru ina tsakar gida ina shanya kayan makarantar yara. Sai ga Auta da wasu mutum biyu na kamfani. Auta bai shigo ba, ya jingina da bango a soro. Ɗaya daga cikin mutanen ne ya yi magana. Ba zan rubuta yadda aka fito da mijina daga tankin ba. Ba a bar ni na gani ba, kuma na gode wa waɗanda suka hana ni.

Abin da suka gaya mini shi ne an roƙe shi ya ƙara lokaci bayan tashinsa ya wanke tankin, shi kuma cikin sauri ya shiga bai sa kwaɗo ba. Masu aikin rana suka zo, ba su ga alamar kowa ba, suka kunna.

Na ce, "Wa? Baban yara ne ya shiga bai sa kwaɗo ba?"

Suka ce, "Ajali ne, Hajiya. Idan ya zo, mai lura ma yakan manta."

Na san ajali gaskiya ne. Ban taɓa ja da hukuncin Allah ba. Amma da aka kawo mini kayansa a leda, sai na ga igiyar wuyansa da makulli a jiki. Kwaɗon kuwa babu. Mijina idan bai datse akwati da shi ba, a ƙugunsa yake rataye shi. Ba ya ƙugun wandon, ba ya aljihu. Na tambaya, aka ce wataƙila ya faɗi a cikin hayaniya.

Manaja ya zo gaisuwa da kansa. Kun san abin da ya kawo mana? Katan-katan na lemon nan. Lemon da aka haɗa a tankin da mijina ya mutu a ciki, shi aka jibge mini a tsakar gida wai na baƙi masu zuwa. Da suka tafi na kwance su ɗaya bayan ɗaya na tuttular a kwata. Maƙwabciyata tana cewa, "Haba, ki bai wa yara mana." Na ce yaron da ya sha wannan a gidana, ni da shi ne.

Manajan ya kuma ce, saboda daɗewar marigayi a wurinsu, za su ɗauki babban ɗana aiki. Ban so ba. Amma ga ƙannensa a makaranta, ga haya, ni kuma ɗan ɗinkin da nake yi ba ya riƙe gida. Bayan na fita takaba na ce ya je.

A tsakanin nan Auta ya sami ƙarin girma. Aka ba shi farar riga mai aljihu da biro, aka ce shi zai riƙa koyar da sababbin ma'aikata. Inna ta yi ta murna. Ni abin da na lura da shi daban ne. Mutumin da kullum yake cin abinci a kan tabarmata ya ɗauke ƙafa. Sai dai ya aiko matarsa da shinkafa da sabulu, ta ce yana gaishe ni, aiki ne ya yi masa yawa.

Ranar da ɗana ya fara aiki, na yi masa girkin da yake so. Ya dawo ya wuce ɗaki ko sallama bai yi da ƙarfi ba. Na bi shi na same shi zaune a bakin katifa da takalmin roba a ƙafarsa.

Na ce, "Lafiya? Aikin ne da wuya?"

Ya ce, "Umma, kin san da me ake fara koya wa sababbi aiki a can?"

Na ce, "Da me?"

"Da Baba."

Ya ce an tara su a wani ɗaki, aka nuna musu kwaɗo, aka yi musu bayanin doka. Sannan mai koyarwa ya ce akwai wani tsohon ma'aikaci da ya ga ya ƙware, ya raina doka, ya shiga bai kulle ba, ya jawo wa kansa mutuwa ya jawo wa kamfani asara. Ya ce kada su zama kamarsa. Wani saurayi a baya har ya yi dariya ya ce, "Tsoho ya sha lemo har ya wuce ƙima."

Na ce, "Wane marar mutunci ne mai koyarwar?"

Ya ɗago ya dube ni. "Kawu Auta ne, Umma. Ina zaune a gabansa. Sai dai bai yarda ya kalli ɓangaren da nake ba."

Ban san lokacin da na ɗauki mayafi ba. Na sami Auta a gidan Inna, ya miƙe ƙafa yana shan shayi, farar rigar nan a jikinsa.

Na ce, "Auta, da bakinka? Mutumin da ya goya ka a babur, ya saya maka kwaɗo, shi ne yau ka mayar abin kwatance a gaban ɗansa?"

Ya ajiye kofi ya ce, "Yaya, ki zauna mana. Abin da aka rubuta mini in faɗa shi nake faɗa. Ba ni na tsara ba."

"Ban tambaye ka wa ya tsara ba. Kana wurin ranar. Ya sa kwaɗo ko bai sa ba?"

"Ke ba ki san yadda aikin kamfani yake ba."

"Ban sani ba. Amma na san mijina. Makullinsa yana wuyansa. Ina kwaɗon?"

Sai ya ɗaga murya, wai shi mai iyali ne, wai idan ya rasa aikin nan ni zan ciyar masa da 'ya'ya? Wai ba don shi yana ciki ba da ba a ɗauki ɗana ba. Ya ce, "Wanda ya tafi ya tafi, Yaya. Tono maganar nan ba zai dawo da shi ba, sai dai ya kashe masu rai."

Inna ta riƙo hannuna ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar nan. Ɗan'uwanki ne. Ki rufa masa asiri."

Na ce, "Inna, asirin me zan rufa, tunda an ce babu abin da ya faru? Shi mijina wa ya rufa masa nasa?"

Na ja mayafina na fito. Ranar na tabbata an yi wa mijina ƙarya, amma ba ni da shaida sai makulli da zuciyata, kuma babu kotun da take sauraron waɗannan.

Na ce da ɗana ya bar aikin, ko dako ne ya je ya yi. Ya ce, "Umma, idan na fita, duk wanda aka ɗauka nan gaba da wannan labarin zai san Baba. Ki bar ni." Ba wannan kaɗai ba, ya je ya roƙa a mayar da shi ɓangaren tanki. Suka sa masa suna Ɗan Tanki. Kullum ya fita sai in yi ta duban ƙofa har ya dawo.

Abin da manyan kamfanin ba su yi tunani ba shi ne, tunda sun ɗora laifi a kan mamaci, babu abin da aka gyara. Agogo yana nan. Almakashinsa yana nan a ofis. Ya ɗan yi sanyi na wani lokaci, sannan ya koma halinsa.

Sauran labarin daga bakin ɗana na ji shi, kuma wasu da suke wurin sun maimaita mini shi daidai.

Wata rana ana canjin aiki, ga mota a waje tana jiran kaya, sai aka tarar da kwaɗo a jikin akwatin wuta. Na wani ne da ake ce wa Dogo, cikin masu aikin safe. Agogo ya buga agogonsa, ya aika aka ɗauko almakashi, ya miƙa wa ɗana.

"Kai Ɗan Tanki, yanke mana wannan. Dogo ya tafi da makulli."

Ɗana ya ce, "Yallaɓai, bari in hau in leƙa tukuna."

"Ka leƙa me? Na ce maka ya tafi."

"To a kira shi a waya."

Agogo ya ce, "Ikon Allah! Jiya-jiya aka ɗauke ka don tausayi, yau kai ne za ka koya mini aiki? Kawo nan in ba za ka iya ba."

Ɗana bai miƙa ba. Ya ajiye almakashin a ƙasa, ya taka shi da ƙafa, ya juya ya jingina bayansa da akwatin. Ya ce, "Wallahi ba za a taɓa kwaɗon nan ba sai an leƙa."

Injinan layin duk a kashe suke ana jira, don haka kowa ya ji. Mata masu liƙa takarda a jikin kwalba suka tsaya. Masu ɗaukar katan suka matso. Agogo ya ga ana kallonsa, sai ya ƙwala wa Auta kira.

"Malam mai koyarwa, zo ka ga tarbiyyar gidanku. Ɗan yayarka ne. Ka janye shi daga nan, ko ku bi ƙofa tare."

Auta ya taho. Ɗana ya ce ya zaci marinsa zai yi, har ya dafe akwatin da hannu biyu. Auta ya tsaya a gabansa ya dube shi, karo na farko tun da ya fara aiki a wurin. Sannan ya wuce shi, ya zagaya bango, ya kama tsani ya hau. Mutane suka bi shi suka tsaya a gindi.

Ya leƙa cikin tankin. Ya daɗe yana kallo.

Agogo ya ce daga ƙasa, "To, me ka gani? Aljani?"

Auta ya ce, "Babu kowa."

Gaskiya ne, babu kowa. Dogo yana gidansa, mantuwa ya yi. Agogo ya tafa hannu ya juya wurin mutane. "Kun gani ko? Kun ga yadda ake ɓata mini lokaci? Kai yaro, ajiye mana hularmu da takalminmu, ka gama aiki a nan. Kai kuma sauko."

Auta bai sauko ba. Ya riƙe ƙarfen tsanin ya ce, "Yallaɓai, ka ga hawan da na yi yanzu? Ko haki ban yi ba."

"Sai aka yi yaya?"

"Wannan hawan kaɗai na roƙe ka ranar. Na ce maka babur ɗin Baba yana waje, takalminsa na gida yana ɗakin canza kaya. Ka ce in ba zan yi aiki ba akwai masu jira a bakin ƙofa. Kai ka yanke kwaɗonsa da hannunka, ka jefa shi a kwata. Ka ce in danna abin kunna injin."

Agogo ya ce, "Kai, ka yi hankali da bakinka!"

Auta ya ce, "Na danna. Ni na danna. Mijin yayata yana ciki, ya kulle kamar yadda ya koya mana, ni na kunna masa wuta. Sannan kuka ba ni riga na riƙa gaya wa yara wai shi ne bai kulle ba."

Can sai wata dattijuwa cikin masu liƙa takarda ta cire safar hannunta ta ce, "Ni ma na gani. Ina tsaye a nan lokacin da ya yanke." Wani mai ɗaukar katan ya ce shi aka aika ya ɗauko almakashin ranar. Sai wani, sai wani.

Ranar ba a kunna injin ba. Motar ta koma babu kaya. Ma'aikata suka zauna a ƙasa suka ce ba mai tashi sai hukuma ta zo.

Hukuma ta zo. An tafi da Agogo, maganarsa tana kotu, ana ta ɗagewa kamar yadda aka saba. Ɗana ba a kore shi ba. Auta kuwa ya rasa aikin, domin shi ya danna kuma shi ya ba da shaidar ƙarya tun farko, kuma shi ma ana kiransa kotu. Yanzu yana wani ƙaramin gidan burodi yana kwaɓa fulawa. An sa doka ba mai yanke kwaɗo sai mutum biyu sun hau sun leƙa.

Manaja ya aiko wai zai zo gida ya ba ni haƙuri. Na ce ba a gidana aka ɓata sunan mijina ba. Inda aka ɓata shi, can za a gyara. Suka tara ma'aikata, tsofaffi da sababbi, na je na tsaya da ɗana a gefena. Manaja ya fara kewaye-kewaye, wai an samu kuskuren fahimta.

Na ce, "Yallaɓai, ni ban yi boko mai zurfi ba. Ka faɗa da Hausar da zan gane. Ya kulle ko bai kulle ba?"

Ya share gumi ya ce, "Ya kulle."

Na ce, "Na baya ba su ji ba."

Ya ɗaga murya ya ce, "Baba Tanki ya kulle. Laifin ba nasa ba ne."

Abin da na je nema ke nan. Na juya na fito.

Bayan kwanaki Auta ya zo. Ya durƙusa a bakin ƙofa, hannunsa duk farin fulawa a gefen farce, ya kasa cewa komai sai "Yaya." Ƙaramar 'yata ta ruga ta faɗa jikinsa, ita ba ta san komai ba. Na daɗe a tsaye. Sannan na ce ya shigo rana tana dukansa.

Inna ta tambaye ni daga baya ko na yafe masa. Na ce, "Inna, na buɗe masa ƙofa. Sauran ki bar ni da Ubangijina, ina ƙoƙari."

Amma akwai abin da har yau yake ci mini rai, kuma shi ya sa na rubuta wannan. Duk mutanen nan da suka tashi suna cewa su ma sun gani, babu wanda bai zo mini gaisuwa ba. Sun zauna a tsakar gidana, sun ci abincina, sun dubi marayuna sun ce mini ajali ne. Kowa yana tsoron aikinsa. Kuma suka koma suka ci gaba da shiga tankin nan, alhali almakashin yana rataye a ofis, suna tura 'ya'yan mutane ciki. Da a ranar Dogo yana ciki, kuma ɗana ya ji tsoro kamar yadda suka ji, da yanzu akwai wata mata zaune kamar ni.

Darasi: Idan za ku tura 'ya'yanku koyon aiki, a kamfanin lemo ne, ko gidan burodi, ko wurin niƙa, ko duk inda inji yake juyawa, kada ku ce musu su bi na gaba kawai. Ku gaya musu ƙwarewa ba sauri ba ce, kuma babu kayan da suka kai ran mutum. Wanda aka ce ya danna, ya ce sai ya duba. Wanda ya ga an yi ba daidai ba ya faɗa tun ranar, domin ƙaryar da aka rufe laifi da ita tana barin haɗarin a inda yake, yana jiran na gaba. Ku kuma shugabanni, ku ji tsoron Allah, kada ku ɗora wa mamaci laifi don ba zai iya tashi ya kare kansa ba. Ku tura wannan ga duk wanda kuka sani yana aiki kusa da inji, da wanda yake ba da umarni a kunna.

Ina roƙonku ku taya ni da addu'a. Allah Ya jiƙan mijina, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Allah Ya raya mini marayunsa, Ya sanyaya mini zuciya a kan ɗan'uwana. Duk wanda ya fita neman halal da safe, Allah Ya mayar da shi ga iyalinsa da ƙafafunsa. Ku ce amin.